Rabin Ganye a Bakin Rami

"To idan ba tela ba, wa ke yawo da almakashi a bayan gari?" in ji Sufeto.

"Mai aski," Mai Sawu ya amsa, bai ɗago ba. "Da matata, idan ta hango zare ya leƙo a wuyan rigata."

Sufeto bai yi dariya ba. Tun safe yake tsaye cikin rana, farar ƙurar dutse ta maida baƙin takalminsa kamar na mai niƙa. Shi da kansa ya aika aka kira Mai Sawu, don duk yankin an san shi. Ya gaji bin sawu wurin mahaifinsa, ya ƙara da aikin gandun daji, kuma ko akuya ce ta ɓata ko babur, ƙofarsa ake fara bugawa.

Filin da suke tsaye a kansa da can rami ne, wanda kamfanin fasa dutse ya cinye cikinsa ya bari. Sharaɗin lasisi shi ne duk ramin da aka gama da shi a cike shi a dasa itatuwa. Yanzu kamfanin yana neman sabon lasisi don ya fasa tudun da ke bayan makarantar unguwa, mutanen unguwa kuwa sun rubuta ƙorafi: bangayensu sun tsage saboda nakiya, yara suna kwana da tari, rijiyoyi sun ja baya. Kamfanin ya kare kansa da takardu da hotuna masu nuna cewa ya cike tsofaffin ramukansa duka, ya lulluɓe su da dashe kore shar. Jiya jami'an ma'aikatar ma'adinai suka zo ganin wannan filin ba tare da sanarwa ba, suka tarar da shi fayau. Babu itace ko ɗaya, sai ƙananan ramuka jere da ganyaye a zube.

Heluma, shugaban leburorin wurin, bai ɓata lokaci ba. Ya ce masu ƙorafi ne suka tumɓuke dashen don su ɓata wa kamfani suna, kuma kowa ya ji Tela a taron unguwa yana rantsuwa sai ya tumɓuke ƙaryar kamfani da hannunsa. Da aka duba ganyayen aka ga yankan almakashi ne, sai magana ta ƙare. Tela ya kwana a ofishin 'yan sanda. Jibi za a yi zaman lasisi, kuma idan ɓarnar ta tabbata a kansa, shi zai wuce gidan yari, ƙorafin unguwa kuma ya bi ruwa.

Sawun ƙafa dai babu abin da za a tsinta a ciki. Jami'ai sun taka, 'yan kallo sun taka, har mai sayar da ruwa ya gangaro da baronsa. Mai Sawu ya bar ƙafafu ya koma wa ramukan. Ya zura hannu cikin ɗaya, ya shafa gefensa. Sumul yake kamar cikin kofi, babu tsinkakkiyar saiwa, babu ƙasar da ta ɓarke. Ya duba na gaba, da na gaba da shi, duk kanwar ja ce.

Sannan ya ɗauki ganyen. An raba shi biyu daidai tsakiya, a kwance, yanka ɗaya mai tsabta. Ya tara wasu a tafinsa. Dukkansu rabin waje ne na manyan ganyaye. Babu toho ko ɗaya a cikinsu.

Ya taɓa ganin irin wannan yanka, ya kuma san a hannun wa ya gan shi, amma ya hana sunan hawowa bakinsa, kamar mai danne murfin tukunya. Ya zuba ganyayen a aljihu ya ce wa Sufeto yana son ya ga mutane tukuna.

*

Maigadin kamfani yana zaune a ɗakinsa na kwano a bakin ƙofa, da rediyo mai ɗaure da roba da butar shayi da ta yi baƙi. Ya rantse bai ga komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba, don shekaranjiya Heluma ya ba shi hutun da bai roƙa ba, ya ce ya je ya duba iyali. Shi a ganinsa a tambayi makiyayin da ke kewayawa ta bayan waya, domin awakin mutumin nan ko allon sanarwa suka samu sai sun ɗanɗana.

Makiyayin bai yi wuyar samu ba. Ya saurari zargin a tsanake, ya jingina da sandarsa, ya ce awakinsa suna da laifuka da yawa a duniya, amma har yau bai ga wadda ta ci itace ta bar ganye ba. Mai Sawu ya zagaya wayar bai ga inda dabba ta kutsa ba. Ya yi masa godiya, a ransa kuwa ya ji haushin yadda ya so a ce awakin ne.

A ofishin 'yan sanda aka fito masa da Tela bayan kanta. Mutum ne siriri mai saurin baki, ga tsinken zare har yanzu maƙale a hularsa. Bai musa rantsuwar da ya yi a taro ba. Ya ce bangon ɗakin da mahaifiyarsa ke kwana ya tsage har ana hango hasken waje, kuma idan aka sake taron gobe zai sake faɗa. Amma da aka ajiye almakashinsa a kan kanta, wanda 'yan sanda suka ɗauko daga shago, sai fuskarsa ta canza kamar an zagi iyayensa.

"Wannan? A ganye?" Ya juya ga Sufeto. "Ranka ya daɗe, ko takarda ban taɓa yankawa da shi ba. Ƙanena ya taɓa yanke farce da shi, wata guda ba mu gaisa ba. Ka ɗaure ni a kan wani abu dabam, amma kada a ji a gari cewa na sa almakashin yadi a itace."

Mai Sawu ya buɗe almakashin ya duba bakinsa a hasken taga, ya shinshina. Man keke ne kawai da burbushin auduga. Ruwan ganye yana barin baƙin tabo a ƙarfe, a nan kuwa babu. Sufeto ya ce ana iya wankewa, ana kuma iya aro. Gaskiyarsa ce, Mai Sawu bai ja da shi ba.

A bakin ƙofa Ungozoma ta tare shi, tsohuwar da ke shugabantar kwamitin ƙorafi. Rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya, har da shi. Ba ta roƙe shi ba. Ta ce ita dai ta san ranar da aka haife shi idonsa a buɗe ya fito, tana fata bai koyi rufe shi da girma ba. Ta gyara mayafinta ta wuce.

*

Auta tana yanka albasa a tsakar gida lokacin da ya shigo. Shekara biyu da aurensu, amma har yau idan ta ɗago ta dube shi sai ya manta abin da ya shigo ɗauka. Ya zauna a kan turmi kusa da ita, ya ciro ganyayen ya shimfiɗa a kan faifai.

Wuƙar ta tsaya a hannunta.

Mahaifinta mai lambu ne. A lambunsa na rainon itatuwa Mai Sawu ya fara ganinta, ya kuma shafe damina guda yana zuwa sayen dashen da ba shi da inda zai dasa, har tsohon ya gaji ya miƙa masa almakashi ya ce tunda ya zama ɗan gida sai ya yi aiki. A nan ya ga yadda tsohon ke yi wa duk dashen da za a ɗauka zuwa wani wuri: ya rage manyan ganyaye rabi-rabi don kada su zubar da ruwan jikinsu a hanya, ya bar toho. Bara kamfani ya ɗauki tsohon aikin kula da dashensa, aikin da ya rufa wa gidan asiri tun da ciwon gwiwa ya hana shi ɗaukar garwa.

Auta ta ce masu lambu suna da yawa a duniya. Ya ce haka ne. Ta ce Baba ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba. Ya ce ya sani. Ta ce to me ya sa ya kawo mata wannan abu cikin gida, ya ajiye mata a kan faifan abinci? Hawaye suka zubo mata, ta ce albasa ce, ta share da bayan hannu.

"Idan ka faɗa, da shi za su tafi," ta ce.

"Idan ban faɗa ba, Tela ba zai fito ba."

"Tela ba ubana ba ne."

Ta faɗe shi a hankali, ta kuma ji nauyinsa da kanta, don ta sunkuyar da kai. Ya so ya riƙe hannunta, ya ga ba lokacinsa ba ne. Ya tattara ganyayen ya fita. Har ya kai zaure bai ji wuƙar ta ci gaba da aiki ba.

*

Lambun yana nan yadda ya san shi: layukan baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, rumfar inuwa, tsohuwar randa da kwaɗo ya mayar gida. Mai Lambu yana zaune a kan benci yana cusa ƙasa a leda. Mai Sawu ya cire takalmi daga nesa ya durƙusa ya gaishe shi, suka bi gaisuwar har ƙarshenta, gida da gwiwa da zafin rana. Sannan ya ajiye rabin ganye ɗaya a gefen bencin.

Tsohon ya ɗauki ganyen ya duba.

"Dashe idan zai yi tafiya, sai an rage masa kaya," ya ce. "Ban iya ɗaukarsu haka nan ba. Da sun mutu a hanya."

Sauran maganar a gutsure ta fito, yana yi yana kallon ledar da ke hannunsa. Dashen kamfani kashi ɗaya ne tak. Ramukan da aka ce an cike an dasa kuwa suna da yawa. Duk lokacin da za a zo ɗaukar hoto ko dubawa a wani rami, sai Heluma ya turo tifa a kwashe dashen a kai can, a binne su da ledarsu don a ji daɗin cirewa. Shi ya sa ba su taɓa kama ƙasa ba. Ko da an cire ledar ma ba za su kama ba, don ƙasar da aka zuba ba ta fi taƙi ɗaya ba, ƙarƙashinta duk ɓaraguzan dutse ne. Shekaranjiya aka kwashe su zuwa ramin gabas, inda aka sa ran jami'ai za su je. Sai jami'an suka sauya hanya.

Ya ce shi bai taɓa ɗaukar abin a matsayin sata ba, kayan kamfani ne a motar kamfani. Abin da ya dame shi kawai wahalar da ake ba itatuwan. Sai jiya da ya ji an kama Tela ya je wurin Heluma, Heluma ya tuna masa cewa hannunsa ne ya ciro kowane dashe, kuma idan magana ta fito, babu wanda ya ba shi umarni a rubuce.

"Baba, gobe za a tara mutane," Mai Sawu ya ce, idonsa a ƙasa. "Za a tambaye ni abin da na gani."

Tsohon bai ce ya faɗa ba, bai ce ya rufe ba. Ya tambaya ko Auta ta sani. Da ya ji amsar sai ya gyaɗa kai, ya jawo wata ledar ya ci gaba da cusa ƙasa.

Kafin rana ta faɗi Mai Sawu ya zagaya ta ƙofar baya ta kamfani. Sawun tifa a wurin fasa dutse ba abin bi ba ne, sun fi a ƙirga. Amma a kan farar ƙurar hanyar gabas, duk inda mota ta faɗa gargada, akwai ɗan ɓarɓashin baƙar ƙasar lambu da ya zubo. Ya bi shi har ya gamsu, ya juyo.

*

Washegari da hantsi Sufeto ya tara su a ofishin Heluma, wani ɗaki mai fanka ɗaya da ke juya ƙura, da hotunan filayen kore manne a bango. An kashe injin niƙa dutse don a ji juna. Ga jami'in ma'aikata da jakarsa a cinya, ga Ungozoma a kujerar da ta fi kowace kyau don babu wanda ya isa ya hana ta, ga Tela tsakanin 'yan sanda biyu, ga Maigadi a bakin ƙofa. Mai Lambu ya zauna a ƙasa can kusurwa, ya ƙi kujera. Mutanen unguwa suka cika tagogi. A cikinsu Mai Sawu ya hango mayafin Auta, ya kawar da kai.

Ya fara da ramukan. Ya ce mai fushi idan ya tumɓuke itace yakan tsinka saiwa, ya karya reshe, ya watsar a nan. Waɗannan kuwa an zare su ne da ledarsu, babu ko ɗaya da aka bari a yashe. Heluma ya ce to ɓarayi ne masu hankali, sun kai kasuwa. Sufeto ya ce ya bari a gama.

Sai ya zuba ganyayen a kan tebur, ya ce kowa ya matso. Ya nuna musu yankan, ya nuna musu cewa babu toho. Ya ce wanda ya yi wannan ya tsaya a kan kowane dashe ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, ba ya tsoron kowa ya gan shi, yana rage masa ganye don kada ya bushe a hanya. Mai ɓarna ba ya wannan wahala. Wannan aikin wanda yake son itacen ya rayu ne, kuma ya san za a sake dasa shi.

"Wane ne?" in ji Sufeto.

Mai Sawu ya kafa wa ganyayen ido. Bai dubi taga ba.

"Surukina ne," ya ce. "Baba ne ya yanka su. Sa shi aka yi."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Heluma ya miƙe da sauri har kujerarsa ta faɗi, kuma abin mamaki, fuskarsa sakewa ta yi. Ya ce alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta, ashe ɓarawon a cikin gida yake. Ya ba Tela haƙuri da baki mai daɗi. Ya ce tsohon nan yana da lambun sayar da itatuwa, kowa ya sani, sai a je a bincika can. Shi bai sa kowa komai ba, wanda ya ce ya sa shi ya kawo shaida.

Maigadi ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa, ya ce shi dai ba ya shiga maganar manya, amma tun da ya fara aiki bai taɓa samun hutu ba sai ranar da za a yi baƙi a wani ramin, kuma makullin ƙofar baya ba a hannun tsoho yake kwana ba. Heluma ya ce masa ya iya bakinsa. Ungozoma ta ce a bar shi, ai yanzu ya fara iya shi.

Mai Lambu ya dafa bango ya tashi. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi ya ciro su, da hannun nan, ba sau ɗaya ba kuma ba sau biyu ba, kuma suna ramin gabas yanzu haka, idan ba a ba su ruwa yau ba gobe sai dai a yi itacen girki da su. Ya juya wajen Tela ya roƙe shi ya yafe masa kwana biyun da ya yi a rufe.

Jami'in ma'aikata ya dubi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya, ya ce magana a ɗaki ba ta isa ta dakatar da lasisi ba, sai ya ga dashen da idonsa, ya kuma ga an tona filin a gabansa. Sufeto ya sa aka cire wa Tela ankwa. Sannan ya matso kusa da Mai Sawu ya rage murya, ya ce ba yadda zai yi, tunda tsohon ya amsa da bakinsa cewa shi ya cire, kuma Heluma ya musa, dole ya riƙe su duka biyun har a ga ƙarshen abin. Ɗan sanda ɗaya ya riga ya buɗe bayan mota, inda ake zuba waɗanda aka kama.

Sai a lokacin Mai Sawu ya dubi taga. Auta tana riƙe da ƙarfen tagar da hannu biyu. Ba ta kuka, ba ta kuma kawar da ido daga kansa ba. Bai iya karanta abin da ke fuskarta ba, shi da ke karanta busasshiyar ƙasa.

Ya je ya kama hannun tsohon, abin da bai taɓa yi ba tun da ya shiga gidansu, ya ratsa da shi ta cikin mutane har gaban motar, ya buɗe ƙofar gaba. Ya ɗaga murya yadda na tagogi za su ji.

"Ranka ya daɗe, ƙasar lambu ta zuba tun daga ƙofar baya har ramin gabas. Zan bi ta a ƙafa, a gaban kowa, wanda ke so ya biyo ni. Baba kuwa a gaba zai zauna, don shi ne mai nuna hanya. Idan an dawo kuka rufe shi, ku shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya tasa, ɗaya tawa."